Kujerar da Aga Nusrat Ya Bayar

A duk faɗin Darrebid babu wanda ya kai Aga Nusrat mai zuma iya ta'aruf, wato ladabin nan na yin tayi da ƙin karɓa. Mu duka muna yi, ba a haifi ɗan garinmu da zai ga ƙofa ya shige ba tare da ya ce wa na gefensa "bismilla, kai ne gaba" ba. Amma nasa ya wuce misali. An taɓa barin su shi da limamin masallacin kasuwa a ƙofar banɗaki, wannan ya ce wancan ya fara, wancan ya ce Allah ya kiyaye, har sai da liman ya ce, "Aga, don girman Allah ka shiga ko ka matsa, ni fa abin ya zo." Idan ka sayi zuma a shagonsa sai ya ture maka kuɗinka sau uku, yana cewa ba komai, shagon ma naka ne. A na huɗu yake karɓa, kuma bai taɓa manta na huɗun ba.

Ƙa'idar dai kowa ya san ta. An yi maka tayi, ka ƙi. An sake, ka ƙi. An yi na uku, ka dafa ƙirji ka ƙi, kowa ya tafi da abinsa da mutuncinsa. Sai fa in mai tayin ya rantse da ran 'ya'yansa. In aka kai nan wasa ya ƙare, ƙin karɓa ya zama zagi.

Abin da gari bai sani ba shi ne Nusrat matsoraci ne lamba ɗaya, kuma tsawo yake tsoro. Shekara sittin da ɗaya a garin da ke maƙale a jikin dutse, bai taɓa hawa rufin gidansa ya share ƙanƙara ba, kullum bayansa ne ke ciwo. Mutum ɗaya ne ya san gaskiya, Yadulla mai gyaran samawar, tukunyar dafa shayi. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu tun suna yara, shi ne kuma ya taɓa sauko da Nusrat daga kan bishiyar tuffa yana kuka wiwi, wando a jiƙe. Yadulla bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Saura mako biyu bikin sabuwar shekara na Nauruz, Nusrat ya je Tehran ganin sabon jika. Da mota ya je, awa goma sha uku. Ɗansa Siyawash, wanda ya samu aiki ya fara jin kansa, ya saya masa tikitin jirgi na dawowa ba tare da ya tambaye shi ba. Nusrat ya ƙi sau uku, kuma da gaske yake, amma wa zai yarda da shi? Siyawash ya sauke shi a filin jirgi da safe, ya sumbaci hannunsa, ya wuce ofis.

Ta gilashi ya hango abin da zai hau. Ƙaramin jirgi ne mai farfela biyu, yana tsaye a cikin ruwan sama kamar zakaran da aka manta a waje. Ya kira matarsa Shaukat ya tambaye ta yanayin gari. Ta ce tun jiya ba a ga Dutsen Zardkamar ba, hazo da dusar ƙanƙara sun haɗiye shi gaba ɗaya. Ta saman Zardkamar ɗin jirgin ke wucewa kafin ya sauka.

"Nusrat! Kai, dube ni. A'a, ba takalmi ba, nan sama."

Yadulla ne, da 'yar jakarsa a hannu, ya washe baki har kunne. Haƙora ne a ciki, sababbi fil, farare tas, jere reras.

"Shekara tara ina cin burodi da dasashi," in ji Yadulla. "Uwargida Gulbahar ba ta sani ba, ce mata na yi zan sayo kayan gyara. So nake in shiga gida in yi sallama in ga ko za ta ja mayafi ta ce baƙo ne."

"Sun yi maka yawa. Kamar ka aro na jaki."

"Hassada ce. Kai da me za ka koma?"

"Jirgi."

Yadulla ya dube shi, ya dubi jirgin, ya sake duban sa. "Kai ɗin?"

"Ni ɗin. Da magana ne?"

"Babu."

Shi Yadulla bai samu kujera ba. Sunansa ne na farko a jerin masu jira, in wani ya fasa a ba shi, in babu ya nufi tashar mota. Da Nusrat ya ji haka sai ya ga Allah ya kawo masa mafita har gida.

"Ka karɓi kujerata."

"Allah ya kiyaye. Ina sama kana ƙasa?"

"Kai ne babba, ka girme ni da wata huɗu."

"Haba, ni a su wa? Je ka abinka."

"Wallahi kai ka fi cancanta. Gulbahar Hanum na jiran ka."

"Ta jira shekara tara, ta ƙara wuni ɗaya."

Uku ke nan, kuma a nan ya kamata a tsaya. Lasifika ta kira fasinjojin Darrebid. Nusrat ya damƙi hannun rigar Yadulla ya ce, "Na rantse da ran 'ya'yana, Yadulla, sai ka karɓa."

Yadulla ya rufe bakinsa. Ya daɗe yana kallon hannun da ke riƙe da shi. Sannan ya ce, "To, tunda ka rantse." Suka je wurin ma'aikaciya, aka goge suna aka sa suna. Da zai shiga layi ya juyo ya sake washe haƙoran. "Zan ce wa Shaukat Hanum ta rage maka miya."

Yanzu kuma sai a yi wa Shaukat bayani. Mutum ba zai ce wa matarsa ta shekara talatin da biyar ya ga jirgi ya ji fitsari ba. Yana zaune a motar Darrebid, kujera mai laushi, tayoyi a ƙasa inda Allah ya halicci ɗan Adam ya zauna, ya kira ta.

"Kin ga abin da wannan mara kunyar Yadulla ya yi mini? Tayi ɗaya na yi masa, ɗaya tak, don dai ladabi. Ya wafce kujerar kamar kare ya ga ƙashi."

"Tayin farko?" in ji Shaukat. "Innalillahi! Ai gado ne, Baban Siyawash. Uwarsa ma haka take, in ka ce mata bismilla sai ta nemi cokali."

Shaukat ta kira ƙanwarta, ƙanwar kuwa tana cikin layin burodi. Kafin jirgin ya kai rabin hanya labarin ya riga shi isa Darrebid.

Da azahar motar ta tsaya a wani gidan abinci na bakin hanya. Nusrat ya sa aka kawo masa shinkafa da tsire. Talabijin na rataye a saman kanta, sai aka katse wasan ƙwallo, wata mata ta fito ta ce jirgin safe na Darrebid ya ɓace a bayan Zardkamar, saura 'yan mintoci ya sauka, da mutum hamsin da ɗaya a ciki. Ta ce hazo ya hana masu ceto tashi.

Gaskiya dai sai a faɗe ta. Abin da Nusrat ya fara ji murna ce, tsagwaronta, irin wadda ke sa mutum ya ji yatsun ƙafarsa ɗaya bayan ɗaya. Har ya ƙara loma biyu. Sai a loma ta uku haƙoran nan suka faɗo masa a rai, ya tashi da gudu ya zaga bayan mota ya amayar da komai a kan ƙanƙara.

An rufe hanyar dutse, don haka sai washegari da hantsi suka shiga gari. A ƙofar gidansa an riga an ɗaure rago. Aka yanka shi a gaban ƙafafunsa ya tsallake jinin, Shaukat na zagaya kansa da hayaƙin kore baki tana kuka tana dariya. Daga bayan katanga kuwa wani kukan ne ke tashi, wanda babu dariya a cikinsa. Nusrat ya ce kansa na ciwo, ya shige ɗaki ya ja bargo.

Kwana huɗu jirgi mai saukar ungulu yana tashi yana dawowa hannu biyu. A na biyar hazo ya ɗan yaye, aka hango wutsiyar jirgin a ƙasan ƙololuwar Zardkamar, inda ko akuya ba ta zuwa. Babu wanda ya fita. Aka ce gawarwaki sai ƙanƙara ta saki. Bangon kasuwa ya cika da takardun sanarwar rasuwa, kowace da hoton mamaci. Akwai malamar makaranta da 'ya'yanta biyu, akwai sojan da ya zo hutu, akwai ango. A nasa hoton Yadulla ya tsuke baki gam, kamar yadda ya saba tsawon shekara tara in an ɗaga masa kamara.

Mutanenmu ba sa iya zama da musiba haka kawai, sai sun samo mata darasi. Mutum hamsin sun mutu babu dalili, wannan ya yi wa zuciya nauyi. Amma na hamsin da ɗayan yana da dalili, kuma kowa ya san shi. A shagon aski aka ce ladabi ne ya ceci Aga Nusrat. A wurin mahauci aka ce Yadulla da hannunsa ya miƙa ya karɓi ajalinsa, Allah dai ya jiƙan sa, amma tayin farko? Iyaye mata suka samu sabuwar bulala: yaro ya miƙa hannu zai ɗauki alewa a gidan baƙi, sai a murɗe masa kunne a ce, "Yadulla za ka zama?" Wata tsohuwa ta zo shago ta shafa kafaɗar Nusrat ta shafa wa jikarta mai shirin jarrabawa. Zumar da ya yi niyyar ta kai shi bazara ta ƙare cikin kwana uku.

Shi kuma yana dafa ƙirji yana cewa, "A'a, ni ban kai ba, ikon Allah ne." Abinci ya daina shiga. Duk inda ya juya a gidansa sai ya ga samawar, ita ma Yadulla ne ya liƙe mata famfo bara, ya ƙi karɓar ko sisi har sau huɗu.

Sai ranar shida ya iya zagaya katangar. Ya je da hantsi, lokacin da ya san maza sun tafi masallaci shirin sadakar bakwai. Gulbahar, matar Yadulla, ta fito soro cikin baƙin mayafi. 'Yar ƙaramar mace ce, ba ta da yawan magana.

"Allah ya ba da haƙuri, Gulbahar Hanum. Da ma ni ne na tafi a madadinsa."

"Kada ka yi mini ta'aruf, Aga Nusrat. Na gaji."



"Ya kira ni kafin su tashi," ta ce. "Ya ce, 'Gulbahar, ina tafe da jirgi. Nusrat ne ya ga farfela ya fara rawar ɗari, har da rantsuwa da 'ya'ya. Na karɓa don kada ya ji kunya a gaban mutane. Kada ki faɗa wa kowa, ko 'yar'uwarki.' Ya sa na yi masa alkawari. Sannan ya ce yana da abin da zai nuna mini, wai in shirya suma."

Nusrat ya ce, "Kwana shida kina jin abin da ake faɗa."

"Ina ji. Jiya a gidan nan, a kan tabarmar makokinsa, wata ta hana ɗanta dabino da sunansa."

"Me ya sa ba ki yi magana ba?"

"Alkawari na yi. Shi ne abu na ƙarshe da ya roƙe ni." Ta gyara mayafinta. "Mene ne abin da zai nuna mini? Kai ka gan shi."

Ya gaya mata. Ya ce haƙora ne, jere guda, sama da ƙasa.

Ta sa hannu ta rufe baki. Ya ɗauka kuka za ta yi, sai dariya ta ƙwace mata, gajeriya. "Sun yi masa kyau?"

"Sun yi masa yawa," in ji Nusrat. Sannan ya ce, "Sun yi masa kyau ƙwarai."

Ta juya ta shiga ciki. Ba ta ce masa ya shigo ya sha shayi ba, ko sau ɗaya.

Washegari masallacin kasuwa ya cika ya batse, maza a ƙasa, mata a bene bayan labule. Aka yi karatu, aka zagaya da shayi. Mai wa'azi ya yi magana a kan gajartar rai, sannan ya gangaro kan kyawun hali, ya ce a cikinmu akwai bawan Allah da ladabinsa ya zame masa garkuwa. Kawuna suka juyo. Nusrat ya miƙe, ya ratsa sahu ya nemi a ba shi lasifika. Mai wa'azi ya miƙa masa da hannu biyu.

"Jama'a, ƙarya na yi," in ji shi. "Yadulla bai karɓa a tayin farko ba. Ni ne na ji tsoro na tura masa kujerar."

Masallaci ya ɗauki guna-gunin sha'awa. Wanzami ya girgiza kai ya ce, "Kai, wannan mutum! Har mamaci yake yi wa ta'aruf."

"Ba ta'aruf ba ne! Matsoraci ne ni. Ko rufin gidana ban taɓa hawa ba."

"Bayanka ne, Aga, mun sani," in ji mahauci. "Zauna, Allah ya ƙara maka daraja."

"Bayana lafiyarsa lau! Na jiƙa wando a kan bishiyar tuffa, Yadulla ne ya sauko da ni!"

Wani dattijo a sahun gaba ya fashe da kuka ya ce shi dai bai taɓa ganin tawali'u irin wannan ba. Mai wa'azi ya miƙo hannu zai karɓi lasifikar yana murmushi. Uku ke nan. Da Nusrat ya zauna a nan, da ya tashi da mutuncinsa ninki biyu, har da ladan rufa wa mamaci asiri. Ya san haka sarai, ya kuma ji daɗin abin a bakinsa kamar zuma. Ya ɗaga kai ya dubi labulen bene.

"Na rantse da ran 'ya'yana," ya ce, muryarsa ta fashe a lasifika. "Sau uku ya ƙi. Da wannan rantsuwar na tilasta masa. Ya karɓa ne don ya rufa mini asiri, ni kuma na kira gida na ce ya wafce kamar kare."

Tsit. Har ana jin tafasar samawar a ɗakin shayi. A bene wata mace ta ce "Innalillahi" da ƙarfi, kowa ya gane muryar Shaukat ce. Mai wa'azi ya karɓi lasifikar da hannu ɗaya, ya ce a yi wa mamata fatiha.

A ƙofar masallacinmu fita takan ɗauki rabin awa, kowa na tura kowa gaba. Ranar minti biyar ba ta cika ba. Nusrat ya tsaya a gefen ƙofa, inda ya saba tsayawa, hannu a ƙirji. Wanzami ya wuce, mahauci ya wuce, dattijon mai kuka ya wuce har ya taka masa ƙafa. Babu wanda ya ce masa bismilla. Shi ne na ƙarshe da ya fito, ya tarar da takalmansa su kaɗai, an shure ɗaya can gefe.

A bakin titi matan gidajen mamata sun tsaya da farantan halawar sadaka suna miƙa wa masu fita. Hazo ya yaye, Zardkamar ya fito fari ƙal, da mutum hamsin da ɗaya har yanzu a jikinsa. Nusrat ya sunkuyar da kai zai bi ta gefen bango, sai faranti ya tare masa hanya. Gulbahar ce. Idanunta sun kumbura, ba ta yi murmushi ba.

"Ta Yadulla ce," ta ce. "Bismilla."

Hannunsa ya riga ya kama hanyar ƙirji, bakinsa ya riga ya buɗe da "a'a, na gode." Ya tsaya. Ya sauke hannun, ya ɗebi halawar ya kai baki a gabanta. Ta yi zaƙi da yawa, amma ya haɗiye.